Rasuwar Baba Magini na Yelwa: shin akwai wanda ya gaji hannunsa?

Dan_Yelwa237:
Assalamu alaikum jama'a. Da yawanku kun ji labari, Baba Magini na unguwarmu Yelwa a nan Garwa Allah ya yi masa rasuwa daren Juma'a, da safe aka kai shi makwancinsa. Ya haura shekara casa'in, shi dai ba shi da takardar haihuwa, abin da yake cewa kullum shi ne lokacin da Kamaru ta samu 'yanci a 1960 ya riga ya yi aure har da ɗansa na fari. Ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne masu yawa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya sa na kawo maganar nan, a wajen zaman makoki wani dattijo ya ce wai an binne bakan gizo, wato bakan ginin ƙasa da ke ɗauke da rufin soro, tare da Baba, yanzu duk Garwa babu mai iya ɗaure soro babba ba tare da rodi da siminti ba. Maganar ta tsaya min a rai har yanzu. Gaskiya ne babu wanda ya koya a hannunsa? Kuma duk wanda yake zaune a gidan da Baba ya gina ko ya san wani aikinsa don Allah ya faɗa mana.

Direban_Pitowa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan.

Goggon_Yara:
Allahu akbar, Baba an tafi. Ni a ɗakin da ya gina aka kai ni amarya, kuma a ciki na haifi 'ya'yana duka. Har yau ɗakin na nan. In watan Maris da Afrilu suka zo, zafin Garwa ya wuce digiri 40, yaran da suke ɗakunan kwano na baya duk sai su kwaso tabarmi su dawo wajena da rana saboda sanyinsa kamar cikin randa. Abin da ba zan manta ba, shekarar da maigidanmu ya rasu damina ta kusa, ban da ko sisi na yaɓe, sai ga Baba da yaransa da sassafe sun zo da ƙasa a kura, suka yaɓe soron suka gyara indararo suka tafi, ko ruwan kunu da na kawo da ƙyar ya karɓa. Allah ya saka masa da gidan Aljanna.

Maman_Biyu:
Amin Goggo. Allah ya ba iyalai haƙuri.

DanKusiri:
Allah ya jiƙan dattijo. Amma Dan_Yelwa ni fa zan faɗi gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba, in ma babu wanda ya gada ba laifin yara ba ne, zamani ne ya wuce ginin ƙasa. Ku zo nan Kusiri ku gani, ko ku tambayi mutanen Yagwa abin da ruwan 2024 ya yi musu. Gidan ƙasa in ruwa ya kwana a gindinsa shi kenan sai dai ka ji rim cikin dare. Na ga mutane sun rasa komai, wasu ma bango ya faɗa musu. Wa zai ce wa ɗansa je ka koyi abin da ba wanda zai kira shi ya yi?

Injiniya_Ngaundere:
@DanKusiri maganarka akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Gidajen da suke faɗuwa a ambaliya yawancinsu ba su da tushe na kirki, an ɗora bulon ƙasa siriri kai tsaye a kan ƙasa, a wurin da tun asali hanyar ruwa ce. Wannan ba shi ne ginin su Baba ba. Su katangarsu daga ƙasa take da kauri sosai tana tafiya tana sirancewa zuwa sama, kuma kafin su fara sai sun duba inda ruwa yake bi. Sanyin da Goggo ta faɗa kuma ba wani asiri ba ne, katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki rana ta faɗi. Shi kuwa parpen na 15, wato bulon siminti mai kaurin santimita 15 da muke yi yanzu, rami ne a cikinsa, ka ɗora kwano ba silin, da ƙarfe biyun rana ba ka iya zama. Ni aikina kenan, kullum ina shantiye, wato wajen aikin gini, kuma ina gaya wa masu gida a yi tushe da dutse da siminti ya tashi sama da inda ruwa ke kaiwa, sauran a yi da ƙasa, amma da ka ambaci ƙasa sai mutum ya ga kamar ka raina arzikinsa.

DanKusiri:
Toh Injiniya kai naka gidan da me ka gina?

Injiniya_Ngaundere:
Da bulon ƙasa wanda ake matsawa a inji, ana ɗan sa masa siminti kaɗan, tushen kuma dutse. A Yawunde akwai hukumar MIPROMALO da aikinta kenan, bunƙasa kayan gini na gida. In ka shigo Ngaundere ka neme ni ka gani da idonka ɗan uwa.

Tsohon_Almajiri:
Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna min wannan magana a wayarsa, shi yake rubuta min. Ni na tashi a hannun Baba tun ina ɗan yaro mai miƙa tubali, har na yi aure ina tare da shi. Wanda ya ce an binne bakan gizo da shi bai faɗi daidai ba, na iya, kuma akwai wani ɗan uwana da muka koya tare yana wajen Gidar yanzu. Sai dai an fi shekara ashirin ba wanda ya ce in yi masa.

Bari in gaya muku yadda aikin yake don ku san dalili. Da farko ƙasa. Baba ba ya karɓar kowace ƙasa, zai damƙa a hannu ya jiƙa ya mulmula, ya sake ta ta faɗi, in ta watse yashi ya yi yawa, in ta manne masa a tafin hannu ta yi danƙo da yawa za ta tsage. In ta yi masa sai a zuba ruwa da ciyawa da kashin doki a tattake da ƙafa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a dawo a sake tattakewa, ba rana ɗaya ba ba biyu ba. Sannan a yi tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya. Gini kuma da rani ake yi, ka ɗora layi kaɗan ka bari ya sha iska. In an zo bakan gizo sai a kafa azara a jikin bango daga nan da can, tana ɗan leƙowa ciki, a ɗaure da igiya tamau a lulluɓe da ƙasa a bari ta bushe, sannan a ƙara wata a kanta ta ƙara leƙowa, a haka a haka har hannayen biyu su haɗu a tsakiya. In ka yi gaggawa ka ɗora a kan ɗanye to ka gina wa mutane kabari. Wannan kalmar Baba ce, kullum sai ya faɗe ta. To yanzu wane mai gida ne zai jira ka? Kowa so yake ya ba da kuɗi yau ya tare wata mai zuwa.

Ga kuma azara. Giginya ake faskarawa, wadda ta tsufa ta yi baƙi, ita ce gara ba ta ci. Da can ana kawowa har ƙofar gida, yanzu ta yi wuya ta yi tsada, kuma ba ka isa ka sare ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba.

Dan_Yelwa237:
Allahu akbar. Baffa wlh na ji daɗin shigowarka, ashe kana nan kusa da mu ba mu sani ba. Don Allah makubar da ake cewa ana shafa wa soro, ita ce me?

Tsohon_Almajiri:
Ɓawon ɗorawa ne ɗana, ake jiƙawa ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ruwan sama sai ya zame ya bi indararo. Akwai kuma laso da ake yi da katsin marina, wannan ya fi ƙarfi amma sai masu hali. Kowace shekara ko bayan shekara biyu kafin damina a sake shafawa. Wanda ya bar soronsa ba yaɓe shi ya kashe gidansa da kansa.

Birkila_Lopere:
Ni ma na ɗan zauna wajensa kafin in koma aikin siminti. Allah ya jiƙansa amma gaskiya Baba yana da zafi, in ka karkata layi ba ya magana sai dai ka ji dunƙulen ƙasa a bayanka, kuma akwai abubuwan da ba ya nuna wa kowa, in an zo haɗe baka a tsakiya sai ya aike mu ɗebo ruwa. Yara da yawa saboda haka suka gudu. In sana'ar ta mutu su ma manyan suna da nasu kason.

Maman_Biyu:
Haba Malam, mutum ko bakwai ba a yi ba. Ku ambaci mamatanku da alheri mana.

Birkila_Lopere:
Hajiya ba zaginsa na yi ba, da hannuna na zuba masa ƙasa a maƙabarta. An yi tambaya ne me ya sa ba magada, na faɗi abin da na gani.

Tsohon_Almajiri:
Birkila na gane ka ko ba ka faɗi suna ba. Zafi kam yana da shi, ni ma na sha. Amma aiken ruwan nan ba rowa ba ce, lokacin haɗe baka shi ne mafi haɗari, ba ya son yaro a ƙarƙashi. Sai wanda ya daɗe ya ga hankalinsa ya zauna yake cewa hau. Da ka ƙara haƙuri da ka hau.

Jikar_Magini:
Slm. Ni jikarsa ce, ina karanta duk abin da kuke rubutawa ina hawaye, mun gode da addu'o'i Allah ya bar zumunci. Ku kun san shi a kan bango, mu mun san shi a zaure. Tun da na yi wayo ƙarfinsa ya fara raguwa, ya daina hawa gini, sai ya koma sassaƙa. Kowane jika in zai shiga makarantar allo shi yake sassaƙa masa allonsa da gizago, ya goge shi da ganye har ya yi santsi, ya yi wata 'yar alama a wuyan allon da kowa ya san nasa. Nawa yana nan a akwatina. Muciya, kujerar tsuguno, marfin rumbu, ƙyauren ɗakin kakarmu Dada na maɗaci, duk aikinsa ne. Makarar masallacin unguwa ma shi yake gyara ta duk lokacin da ta saki, kuma a cikinta aka ɗauke shi.

Abin da Dada take ba mu labari, da zai ƙara aure ya gina wa amarya ɗaki, da igiya ɗaya ya auna shi da nata, ya kira su duka biyu suka riƙe bakin igiyar suka gani da idonsu, ko taki ɗaya wani bai fi wani ba. Har suka rabu da duniya ba a taɓa jin su a kan maganar ɗaki ba. Da Dada ta kwanta ciwon ƙafa kuma shi da kansa ya fasa dokin ƙofarta ya mai da shi gangare don kada ta riƙa ɗaga ƙafa, lokacin shi ma da sanda yake tafiya.

A ƙarshe idonsa ya tafi, amma in aka kai shi gidan wani sai ya shafa bango da tafin hannu ya ce wannan akwai ruwa a cikinsa ku duba indararo, a duba kuwa a samu.

Goggon_Yara:
Wayyo 'yata kin sa ni kuka. Daɗa ma in tuna miki, daɓen tsakar gidanku mu muka yi shi da Dadarki, matan unguwa muka taru da maɗabai muna bugawa muna waƙa tun hantsi har la'asar. Yanzu wa ya san maɗabi, sai tayil.

Malamin_Tarihi:
Allah ya jiƙan Baba. Ina so in ƙara wani abu don matasa su san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da irin wannan bakan gizon aka ɗaure shi, har yau masu karatun zanen gine-gine suna zuwa kallonsa. A Nijar kuma akwai Falke Barmu, magini ne na ƙauye a Yama cikin jihar Tawa, masallacin ƙasa da ya gina wa garinsu ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ga Francis Kéré ɗan Burkina Faso da ya fara da makarantar firamare ta bulon ƙasa a ƙauyensu Gando, a 2022 aka ba shi Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a wannan fanni. Mu nan ma ba baya muke ba, ku je Pus ku ga ɗakunan Musgum masu tsini da ake ginawa da hannu ba katako ba azara, zanen jikinsu shi ne matakalar hawa kuma shi ne hanyar ruwa. Ku dubi katangar fadar Rai Buba, ku dubi zaurukan fadar Lamidon Ngaundere. Abin da ke damuna ɗalibanmu sun san sunan gine-ginen Faransa amma ba a taɓa kai su gidan irin su Baba sun zauna sun yi tambaya ba, ga shi yana raye a tsakiyarmu shekara da shekaru.

Yar_Injamena:
Malam ka manta da Gawi a nan kusa da mu a Injamena, tsohuwar fadar sarkin Kotoko ta ƙasa ce kuma yanzu gidan tarihi ce, matan garin su suke yi wa bangaye zane da hannu. Amma ni ina tare da DanKusiri ta wani ɓangaren, a 2022 da ruwa ya shiga unguwar Waliya gidan yayata na ƙasa ne ya narke gaba ɗaya, na maƙwabcinta na jan bulo ya tsaya. Wanda ya kwana a tanti da yara ba za ka ce masa ya sake ginin ƙasa ba.

Injiniya_Ngaundere:
Adda Allah ya mayar mata da alheri. A wurin da ruwa ke kwanciya ni ma ba zan ce a yi ba. Wani kuskuren kuma da nake gani ko'ina, mutum ya ɗauko siminti ya shafe bangon ƙasa wai yana kare shi. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga bayansa ba hanyar fita, bangon yana ruɓewa a ciki kai kana ganin waje lafiya, rana ɗaya sai ɓawon ya zubo da rabin katanga. Duk mai gidan Baba don Allah kada ya yi haka.

Direban_Pitowa:
Kai wannan ya faru a gidanmu wlh, bangon zaure.

Autan_Magini:
Assalamu alaikum, ni ne ƙaramin ɗansa. Na ga ana ta cewa 'ya'ya ba su gada ba, gara in yi bayani. Baba ne da kansa ya hana mu. Ya ce shi ya taka ƙasa da ƙafarsa har ta tsattsage don mu riƙe alƙalami, duk ya sa mu makaranta maza da mata, a lokacin da mutane da yawa a unguwa ba sa yarda da boko. A cikinmu akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai wanda ya yi aiki a kamfanin auduga har ya yi ritaya. Kuma kada a ɗauka shi maƙiyin siminti ne, a'a. Lokacin shugaban ƙasa Ahijo da Garwa ta cika da aikin gine-gine ya yi aikin parpen sosai, da shi ya ciyar da mu. Har lokacin da 'yan Sin suke aikin madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, ya je can ya yi gine-ginen gidaje. Yana cewa kowane da wurinsa. Abin da ya tsana kawai shi ne algus, a ce buhu ɗaya a buga bulon da ya fi ƙarfinsa. Ya taɓa barin aikin wani babban mutum a tsakiya saboda haka, kuɗinsa ma bai karɓa ba, a gida aka sha wahala wannan watan amma bai koma ba.

Daga baya da ya tsufa ya taɓa ce min da ya sani da ya bar ko mutum ɗaya a cikinmu ya koya tare da karatun. Wannan maganar tana damuna tun ranar Juma'a.

Dan_Yelwa237:
Hamma Allah ya ba ku haƙuri. Ai bai yi asara ba, tarbiyyar da ya ba ku kowa ya shaida.

Birkila_Lopere:
Maganar algus gaskiya ce, a gabana aka yi irinta. Kuma na tuna bayan karyewar darajar kuɗin sefa a 1994 da kayan gini suka yi tsada mutane sun ɗan dawo wajensa, shekarun nan mun yi ɗakunan ƙasa da yawa. Da abubuwa suka lafa kowa ya koma siminti, ga masana'antar siminti ta Figil kusa.

DanKusiri:
To kun gani, talauci ne ke kai mutum ga ƙasa ba so ba. Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ce zai rushe nasa ya yi soro ba.

Maman_Biyu:
Ba sai an rushe ba ai. Ni da za a yi min ɗaki ɗaya a bayan gida saboda tsohuwata da zafi yake hana ta barci, da na so. Wuta ma ba kullum ake samu ba balle a dogara da fanka.

Malamin_Tarihi:
Shawarata tunda Baffa Tsohon_Almajiri yana da rai da lafiya, a samu wuri ko zauren makarantar allo ne a ce ya ɗaure baka guda ɗaya, matasa su taya shi, a ɗauka a waya daga kwaɓa ƙasa har gamawa. Ni zan kawo ɗalibaina su yi aikin lebura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Autan_Magini:
Akwai fili a gidanmu ta wajen tsohon turken awaki, zan yi magana da yayyena bayan addu'ar bakwai. Kayan aikinsa ma suna nan, igiyar awo da gizago da dagi, ba wanda ya taɓa.

Tsohon_Almajiri:
In Allah ya kai mu rani zan yi, amma sai an kira ɗan uwana na Gidar don ni gwiwa ba ta bari in daɗe a sama. A fara neman azara tun yanzu, ita ce mai wuya. Kada a sayo sabuwar sara, a nemi ta tsofaffin gidajen da ake rushewa a Fulɓere, sau da yawa masu gidan murhu suke kai ta.

Yar_Injamena:
In kun sa rana ku sanar a nan, ƙanena yana karatun gini zan turo shi.

Direban_Pitowa:
Ɗaukar ƙasa da azara ku bar min, motata tana nan. Baffa ƙasar ta ina za a ɗebo, ta bakin Binuwai za ta yi ko sai an fita wajen gari?